Tambaya da Amsa: Jan ƙudan kurmi mai idon zinariya

Tambaya: Baba Malam, barka da aiki. Ni mazaunin Bogobiri ne a Kalaba, ina shiga ƙauyukan Akamkpa sayen manja da namijin goro. Damina biyu ke nan wani ƙuda yana damuna a can. Girmansa bai fi na ƙudan gida da yawa ba, jikinsa ja-ja ne kamar manja, fikafikansa da baƙin zane, cizonsa kuwa kamar an soka maka allura mai zafi. Da rana yake cizo, kuma ya fi zuwa idan muna zaune kusa da inda mata ke dafa kwakwar manja. Abokina ya ce ƙudan tsando ne, wani ma'aikacin lafiya kuma ya ce ƙudan mangurof ne, alhali wurin da nisa da bakin teku. Yanzu bayan hannuna yakan kumbura, ya yi kwana biyu ko uku ya sace, sai ya ɓullo a wani wuri. Wane ƙuda ne wannan, kuma ta yaya zan gane shi?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Ka iya kallo, domin launi, zanen fiffike, cizon rana da son hayaƙin da ka ambata sun kusa gama mini aikin. Abokinka bai dace ba, ma'aikacin lafiyar ne ya faɗi sunan da aka san shi da shi. Ƙudan da kake bayani ɗan gidan Chrysops ne, daga babban dangin Tabanidae, wato dangin bobuwar da ke addabar shanu. Biyu daga cikinsu ne suka yi ƙaurin suna a kurmin Kuros Riba da Kamaru: Chrysops silacea da Chrysops dimidiata. Turawa ne suka laƙaba musu sunan mangurof, itatuwan nan na bakin teku masu saiwoyi a tsaye cikin taɓo kamar ƙafafun gizo-gizo. Sunan ya bi su, amma ba can ne gidansu na ainihi ba. Gidansu kurmi ne mai duhuwa da gonakin roba, inda ƙananan rafuka ke tafiya a hankali cikin laka da ruɓaɓɓen ganye. Saboda haka nisanka da teku bai hana komai ba.

Kafin ka ɗaga hannu ka mare shi, dubi yadda ya zauna. Wannan shi ne abin da na fara koya wa duk yaron da aka turo mini ɗakin bincike a shekarun da na yi ina jera ƙwari a kan allura. Ƙudan tsando idan ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya a kan ɗaya, su kwanta a bayansa kamar almakashi a rufe, bakinsa kuma a miƙe gaba kamar tsinke. Idan ka ɗaga fiffikensa ga haske za ka ga jijiyoyin tsakiya sun zana siffar gatari, kuma babu wani ƙuda mai wannan gatarin sai shi. Naka kuwa yana barin fikafikansa a buɗe rabi, kamar almakashin da tela ya ajiye bai rufe ba. Gefen gaba na fiffiken duhu ne, sannan wani faffaɗan baƙin zane ya ratsa tsakiya. Bakinsa ƙasa yake kallo, gajere ne mai kauri. Tsawon jikinsa kusan santimita 1.

Sai ido. A nan ne nakan daɗe, don ni dai ban ga abin da ya kai shi kyau a jikin ƙwaro ba. Na yi shekaru ina ganin busassun Chrysops a cikin akwati, idanunsu baƙi-baƙi ba walwala, har ranar da na riƙe mai rai a hannuna a kurmi. Idon yana ƙyalli da kore da ruwan zinariya, da ɗige-ɗige masu duhu a ciki, kamar aikin zare a wuyan babbar riga. Daga nan ma sunan ya fito, don a harshen Girka Chrysops na nufin mai idon zinariya. Launin yana dusashewa bayan ƙudan ya mutu ya bushe, shi ya sa idan ka kama ɗaya, ɗauki hotonsa da wayarka nan take. Idon kuma zai gaya maka jinsi: na mace a rabe suke, akwai fili tsakaninsu a goshi, na namiji kuwa sun haɗe a saman kai. Wadda ta cije ka mace ce, babu shakka. Ita ke bukatar jini don ƙwanta ya nuna, namijin ruwan fure kawai yake sha. Wannan ma wani bambanci ne da ƙudan tsando, wanda mace da namiji duk suna shan jini.

Idan kana da gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, akwai sauran alamomi. Ƙahonnin ji guda biyu da ke gaban kansa dogaye ne sirara, sun fi kan tsawo, kowanne gaɓa uku. A tsakiyar kai akwai wasu ƙananan idanu uku kamar ɗigon tawada. A ƙwaurin ƙafafun baya akwai ƙananan ƙayoyi a ƙarshe, waɗanda manyan bobuwa irin Tabanus ba su da su a wannan wurin. Bayan fikafikai biyun za ka ga wasu 'yan sanduna masu kai kamar ashana, da su yake daidaita tashi.

Tsakanin 'yan'uwan biyu kuwa, ciki ake dubawa. Silacea ya fi haske, ruwan lemo ne sosai, da baƙaƙen layuka biyu gajeru a saman ciki, wani lokaci ma sirara ƙwarai. Dimidiata ya fi duhu, layukansa sun fi faɗi da tsawo. Yadda ka kwatanta shi da manja, hankalina ya fi karkata ga silacea. Amma kada wannan ya ɗauke maka hankali, don ta fuskar lafiyarka aikinsu ɗaya ne.

Zafin cizon yana da dalili. Sauro da siririn bututu yake huda fata ya tsotsa. Wannan kuwa a bakinsa akwai wasu 'yan wuƙaƙe da yake tsaga fata da su, jini ya taru, sannan ya lashe. Ta wannan tsagar ce tsutsar da ake kira Loa loa take shiga jikin mutum. Ƙudan yana kwasar ƙananan 'ya'yanta daga jinin mai ɗauke da ita, su yi kwana 10 zuwa 12 suna girma a cikinsa, sai su gangaro baki su jira cizo na gaba. A jikin mutum sukan yi wata biyar zuwa shida kafin su balaga. Babbar tsutsa tana kai santimita 3 zuwa 7, tana yawo a ƙarƙashin fata, kuma tana iya rayuwa fiye da shekara 15. Wani lokaci takan ratsa farin ido, mutum ya gan ta a madubi tana motsi. Kumburin da ke zuwa ya tafi, musamman a hannu da wuyan hannu, jiki ne yake faɗa da ita. Likitocin duniya suna kiransa kumburin Kalaba, da sunan garin da kake zaune. A Kalabar ne kuma wani masanin tsutsotsi mai suna Robert Leiper ya gano a 1912 cewa cikin waɗannan ƙudaje tsutsar take girma. Daga baya, a shekarun 1950, masu bincike a Kumba ta Kamaru suka nuna cewa hayaƙin itace yana jawo su, abin da kai ma ka lura da shi a gindin tukunyar manja.

Ba zan yanke maka hukunci daga wasiƙa ba, amma abin da ka faɗa ya isa ka je asibiti, kuma ina roƙonka kada ka yi jinkiri. Ka faɗa wa likita inda kake shiga da yadda kumburin ke yawo. Ka nemi a ɗebi jinin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, domin a lokacin ne 'ya'yan tsutsar ke fitowa cikin jini. Na sha ganin wanda aka ɗebi jininsa da sassafe aka ce masa lafiya lau. Ko an ɗeba a kan lokaci ma, akwai masu ɗauke da babbar tsutsa da ba a ganin 'ya'yan a jininsu, don haka labarinka yana da nauyi a wurin likita kamar gwajin kansa.

Ga abin da ya fi damuna. A yankinku ana raba maganin Mectizan don makantar kogi, wadda wani ƙuda daban ke yaɗawa, ɗan ƙaramin baƙi mai doro da ke haihuwa a ruwa mai gudu. Magani ne mai albarka, ya ceci idanun mutane da yawa. Amma wanda 'ya'yan Loa loa suka yi yawa a jininsa, sama da 30,000 a mililita ɗaya, maganin yana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ya suma, wasu ma sun rasa rai. Maganin Loa loa ɗin kansa, DEC, yana da irin wannan haɗarin idan tsutsar ta yi yawa. Kada ka saya a kemis ka sha da kanka. A ƙirga tukuna, sannan likita ya zaɓi hanya.

Kariya kuwa ba ta da wahalar faɗa. Sa dogon wando da riga mai dogon hannu masu haske, don duhun tufa da motsi suna jawo shi, kuma yana son idon sawu da bayan ƙafa. Shafa maganin korar ƙwari mai sinadarin DEET. Ka yi cinikinka nesa da murhu, musamman da hantsi da kuma bayan azahar zuwa la'asar. Gidan sauro ba zai yi maka amfani a kansa ba sai idan ƙailula za ka yi.

Tambaya: Malam, ni makiyayi ne a ƙasar Kontagora. Bobuwar da ke cizon shanunmu da damina tana sa wannan tsutsar ido da muke ji?

Amsa: A'a, Malam, kwantar da hankalinka ta wannan fuskar. Loa loa cutar kurmi ce. Abin da ke bin garkenka galibi Tabanus ne, ƙato mai kai santimita 2, ko Haematopota mai fikafikai masu dabbare-dabbare da yake kifawa a bayansa kamar jinka. Ɓarnarsu a kan dabba take. Idan saniya ta kaɗa wutsiya ta kore shi yana tsakiyar sha, sai ya faɗa kan ta kusa da jini a bakinsa, ta haka yake iya ɗaukar ƙwayar sammore daga mara lafiya zuwa mai lafiya ko babu ƙudan tsando a wurin. Idan ka ga wata tana ramewa a lokacin da suka yi yawa, ware ta daga garke ka kira malamin dabbobi ya duba jininta.