Kirim ɗin kwakwa da rage cin sitaci: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na rage tuwo da shinkafa da burodi don in rage ƙiba. Wata ƙawata ta ce in riƙa zuba kirim ɗin kwakwa a shayi da miya, wai yana narkar da teɓa. Gaskiya ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ƙawarki ta yi gaskiya a abu ɗaya: sitacin da ke cikin kirim ɗin kwakwa, wato mai kaurin da ke tasowa saman madarar kwakwa, kaɗan ne. A giram 100 bai kai giram 7 ba, alhali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45. Shi ya sa masu wannan tsarin cin abinci suke son sa, ga shi yana riƙe ciki, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba.

Amma batun narkar da teɓa babu shi. Shi kansa kirim ɗin kitse ne: kusan giram 35 a cikin giram 100, kalori kuwa, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, wajen 330. Cokalin cin abinci ɗaya yana ba da kalori kusan 50, kofi cike kuma ya doshi 800. Idan kika bar malmalar tuwo kika maye gurbinta da kofin kirim, abin da ya shiga jikinki ya fi wanda kika bari. Ƙiba tana sauka ne idan abin da ake ci bai kai wanda jiki ke ƙonewa ba. Cokali ɗaya ko biyu a miyar alayyafo ko ta zogale da kifi ya wadatar a yini.

Tambaya: Likita, shekarata 56, ina da hawan jini, kuma an taɓa ce mini kitsen jinina ya ɗan hau. Ɗana ya ce man kwakwa da kirim ɗinta daga tsiro suke, don haka ba sa cutarwa. Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, wannan tambaya ta fi damuna a cikin duk waɗanda suka zo, domin mutane da yawa suna da irin fahimtar ɗanka. Fitowa daga tsiro ba ta wanke kowane mai ba. Akwai kitsen da ke daskarewa idan an yi sanyi, irin na man shanu da kitsen nama, kuma shi ne ke ɗaga mugun kolastarol (kitsen jini) da ake kira LDL, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyin jini har ya kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Kusan kashi 9 cikin 10 na kitsen kwakwa irin wannan ne. Duk wanda ya ajiye man kwakwa lokacin hunturu ya ga yadda yake sandarewa a kwalba, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini. Ga mai cin kalori 2,000, wannan giram 22 ke nan, kuma cokali 5 na kirim ɗin kwakwa sun cinye shi kaf, tun ba a lissafa nama da madara ba. A 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a guji man kwakwa saboda wannan dalili. A 2020 kuma an haɗa sakamakon gwaje-gwaje 16, aka ga yana ɗaga LDL fiye da mayuka irin su man zaitun da na waken suya. Gaskiya ne yana ɗaga kolastarol mai kyau shi ma, amma hakan bai goge illar ɗayan ba.

Shawarata, Alhaji, ka je a sake auna kitsen jininka kafin ka canza komai. Girkin yau da kullum a yi maka da man gyaɗa daidai gwargwado. Kwakwa kuwa a ɗan sa don ɗanɗano jefi-jefi. Kada ka bar maganin hawan jininka don wani ya ce abinci ya isa.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina shan magani. Zan iya bin tsarin rage cin sitaci in riƙa shan kunun aya da kwakwa? Daga wata 'yar'uwa a Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, rage sitaci yana taimaka wa masu ciwon suga da yawa, amma kada ki fara sai likitanki ya sani. Idan kina allurar insulin ko kina shan glibenclamide, kika yanke tuwo da shinkafa lokaci ɗaya, sugan zai iya faɗuwa ƙasa sosai: gumi, karkarwa, jiri, har suma. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin kuma suna iya faɗawa wani hali mai haɗari inda jini ke yin tsami, ko da awon suga bai nuna ya hau ba. Dole a daidaita magani da sabon abincin.

Game da kunun aya, ba kwakwar ce abin tsoro ba. Dabino da sukarin da ake zubawa su ne, domin kusan kashi biyu bisa uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, ita ma aya tana da nata sitacin. Ki auna suganki awa biyu bayan kin sha, za ki ga yadda jikinki ya karɓe shi.

Tambaya: Kirim ɗin kwakwa na gwangwani ya fi ko na gida? Daga wata amarya a Kano.

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Idan za ki sayi na gwangwani ki karanta jikinsa, domin akwai wanda ake cika wa sukari don haɗa lemo da kayan zaƙi, har sukarin ya kai rabin nauyinsa. Wanda kike nema kwakwa ce da ruwa. Na gida kuwa ba wuya: ki goge ƙosasshiyar kwakwa, ki zuba ruwan ɗumi kaɗan, ki matse a tsaftataccen ƙyalle, ki sa a firij. Mai kaurin da ya taso sama shi ne kirim ɗin, na ƙasa madara ce. A zafin nan namu yana saurin lalacewa, don haka in babu wuta ki yi daidai na girkin ranar, in ya yi tsami ko ya canza wari ki zubar.

Tambaya: Duk lokacin da na ci kirim ɗin kwakwa, sai cikina ya murɗa. Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Malam, yawan kitse lokaci ɗaya yana sa murɗar ciki da zawo, sai ka rage. Amma idan ciwon a gefen dama ne ƙarƙashin haƙarƙari, yana zuwa bayan cin maiƙo, wani lokaci da amai, ka je a yi maka hoton ciki a duba ko akwai tsakuwa a matsarmama. In ka ga idonka ya yi rawaya ko zazzaɓi ya biyo baya, ka tafi asibiti a ranar.