Amsa ga ɗan'uwan da ke son kai Hajiya fadar Neuschwanstein

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai yau da na samu natsuwa don maganar tana da ɗan tsawo. Ka ce Hajiyarku ta zo Jamus ganin jika, kuna so ku zo Munich cikin Agusta kai da maiɗakinka da yara biyu ɗaya na goye, daga nan ku kai ta fadar nan ta kan dutse, kana tambaya ko yini ɗaya zai isa, ko ana samun tikiti a bakin ƙofa, kuma ko wajen zai yi wa dattijuwa mai ciwon gwiwa. To Allah ya raya jariri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni dai sau huɗu ina zuwa wajen, sau uku baƙi na raka, ɗaya daga ciki da gwaggona ne wadda ita ma ƙafa ke damunta, don haka abin da na gani da idona zan gaya maka.

Yini ɗaya ya isa, amma fa sai in tikitinka na hannu tun kafin ka bar gida. Babu wani tikiti da ake sayarwa a ƙofar fadar, ofishin sayar da shi yana can ƙasa a ƙauyen Hohenschwangau, kuma a watan Agusta wanda ya dogara da sayen na ranar yana iya tarar da an gama, domin wajen na cika sosai, kafin annobar korona ma lokacin bazara akwai ranar da mutum kusan 6,000 kan shiga, a shekara kuma wajen miliyan 1.4. Ka saya ta intanet a shafinsu na hukuma makonni kafin tafiyar, kada ka bi 'yan tsakiya masu ninka kuɗi. Na babba ya ɗan haura yuro 20, 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta ne amma su ma dole a yanka masu nasu tikitin, har jaririn ka saka shi cikin lissafi.

Abin da ya fi komai muhimmanci kuma shi ne lokacin da aka buga a jikin tikitin. Akwai lambar rukuninku da sa'a da minti, a farfajiyar fadar akwai allo da lambar ke fitowa, in ta fito ku sa tikiti ƙofa ta buɗe, in ta wuce ta wuce kenan, ba roƙo ba a yi haƙuri, kuɗin ma sun tafi. Zuwana na farko haka ta faru da mu, mun iso ƙauyen saura minti 50 muna ganin ai da sauran lokaci, muka tsaya layin bas, bas ta farko ta cika ba mu samu ba, kafin mu hau mu gangaro lambarmu ta shige da minti kaɗan. Wallahi baƙon da na kawo tun daga nesa ya zo, haka muka tsaya muna kallon bango daga waje, abin ya daɗe yana damuna. Tun daga ranar nake sa awa biyu cur tsakanin isowata ƙauyen da lokacin shiga, kai da kake da dattijuwa da yara ma ka ƙara a kai.

Daga babbar tashar Munich jirgin ƙasa zuwa Füssen, garin da ke kusa da ƙauyen, wajen awa biyu ne, wani kai tsaye wani sai an canja a hanya, ka nemi na kai tsayen saboda Hajiya. Kuna fita tashar Füssen bas mai lamba 73 ko 78 za ta kai ku Hohenschwangau, minti goma ne. Akwai tikitin da ake kira Bayern-Ticket, mutum har biyar na tafiya da shi yini guda a jiragen yanki da bas ɗin nan, shi ya fi sauƙi ga iyali, sai dai ranakun aiki ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, Asabar da Lahadi ne ake hawa da shi tun asuba. To ka lissafa, in ranar aiki ce ba za ku iso ƙauyen ba sai wajen sha biyu, ka ga kenan shigar ƙarfe biyu da rabi ko uku za ka nema, kada ka yarda ka ɗauki na sha biyu da rabi don ka ga shi ne ya rage.

Yanzu maganar gwiwar Hajiya, nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Daga ƙauyen zuwa ƙofar fada hanya uku ce. Da ƙafa minti 30 zuwa 40 ne ga mai lafiya, titin mai kyau ne amma hawa ne tun daga farko har ƙarshe, wannan ka cire shi a lissafinta. Akwai keken doki, amma ba ya kaiwa ƙofa, yana sauke mutane a ƙasa kaɗan sai a ƙarasa hawan da ƙafa, ga layinsa ba ya sauri. Sai bas ta musamman da ke hawa dutsen, ita tana wuce fadar ta sauke ku a sama kusa da gadar Marienbrücke, daga nan sai ku gangaro kamar minti 10 zuwa 15, gangaren yana da ɗan tsauri, kuma ka san mai ciwon gwiwa sau da yawa sauka ta fi hawa yi masa ciwo. Da gwaggona bas muka hau, muka gangaro a hankali tana riƙe da kafaɗata muna hutawa, dawowa kuma muka shigo keken doki, kuma ita da kanta ta ce keken nan ya fi mata daɗi a duk tafiyar. Kuɗin bas ɗin da na dokin daban ne ba sa cikin kowane tikiti, ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu.

Cikin fadar kuma matakala ne, hawa da sauka sun haura 300, wasu masu murɗewa ne, kuma tafiyar rukuni ce, minti 30 an gama, ba a jira mutum ya zauna ya huta don wani rukunin na biye da ku. Akwai lif da aka tanada wa masu keken guragu da waɗanda tafiya ke yi wa wuya, amma sai an nema tun kafin ranar, ka rubuta masu tun yanzu ka faɗi halin da take ciki. Keken jariri da babbar jakar baya ba sa shiga, maiɗakinka ta taho da abin ɗaukar yaro na ƙyalle wanda ake ɗaurawa a gaba. Hoto ma an hana a ciki. Jagoran yana bayani da Jamusanci ko Turanci, akwai kuma na'urar saurare da wasu harsuna har da Larabci da Faransanci.

Gaskiyar da zan gaya maka ita ce, in ka ga ƙafar ba za ta ɗauka ba, kada ka matsa mata shiga. Hoton nan da duniya ta sani, fada fara da hasumiyoyinta ga fili da tafkuna a bayanta, daga kan gadar Marienbrücke ake ganinsa, kuma hawa gadar kyauta ne, tana 'yan mintuna daga inda bas ke tsayawa. Tana da tsayi fa, kusan mita 90 sama da kwazazzabon Pöllat, ƙasanta katako, ga cunkoso a bakinta, amma in kun ɗan matsa ciki mutane na raguwa. Ka riƙe hannun babban yaron gam. Gwaggona ta fi minti goma a tsaye tana subhanallah, kuma da muka koma gida labarin gadar da duwatsun take ba mutane, ɗakunan ko ambatonsu ba ta cika yi ba.

Ba wai cikin ba abin gani ba ne. In za ku shiga ka ba ta labarin mai gidan tun a jirgi, shi ke sa ɗakunan su yi ma'ana. Sarki Ludwig na biyu ne na Bavariya, wato Bayern ɗin nan da kuka sani a ƙwallo, ya hau sarauta a 1864 yana da shekara 18, aka aza harsashin ginin a 1869, ya zuba dukiyarsa da bashi mai yawa a gine-ginensa har gwamnatinsa ta ce ya samu taɓin hankali ta tuɓe shi, a cikin fadar nan aka kama shi a Yunin 1886, washegari aka tsinci gawarsa da ta likitansa a tafkin Starnberg, yana da shekara 40. Kwana 172 kawai ya yi a gidan, ɗaki kusan 200 aka tsara amma kamar 15 aka gama, ɗakin gadon sarauta ma har yau babu gadon a ciki. Mutumin da ya gina wajen don ya ɓuya daga jama'a, ko wata biyu ba a yi da rasuwarsa ba aka buɗe wa masu biyan kuɗi. Ni duk zuwan da na yi wannan ne ke tsaya mini a rai. Za ku ga siffar wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya kamar dinya ko'ina, har a bakin famfo, daga shi sunan fadar ya samo asali. Bangon kuma cike yake da zanen mutane, na ɗakin sarautar na addinin Kirista ne, ka sanar da Hajiya tun da wuri don kada ya zo mata ba zato. A 2025 UNESCO ta sa fadar cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran gidajen sarkin.

Abinci kuwa ku taho da naku. Yankin nan naman alade ya yi yawa a girkinsu, a ƙauyen kuma komai da tsada. Kusa da babbar tashar Munich akwai shagunan Turkawa da Larabawa birjik, ku yi guzuri a nan ko maiɗakinka ta dafo daga masauki. In dole sai kun saya a can akwai Käsespätzle, wata 'yar taliya ce da cuku da soyayyar albasa, ka tambaya dai ko ba su sa nama ba. Sallah mu kan haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne, a bakin tafkin Alpsee da ke ƙarshen ƙauyen, akwai ciyawa da inuwa da wajen zama, ka sa dadduma da gorar ruwa a jaka don ba za ka samu buta a banɗakinsu ba. Nan ne ma inda Hajiya za ta huta da jaririn in ku kun hau sama, ga ɗaya fadar mai ruwan ɗorawa, Hohenschwangau, inda sarkin ya yi ƙuruciyarsa, tana kallonta daga inda take zaune.

Ku ɗauki rigar sanyi da laima ko da kun bar Munich ana rana, gindin duwatsun Alps ne dab da iyakar Ostiriya, hadari kan taso ba sallama. Hajiya ta sa takalmi mai rufi wanda ba ya santsi, silifas ba zai yi ba a gangaren nan. In aljihu zai ɗauka ma ku kwana a Füssen ku shiga da safe kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, wannan shi na yi a zuwana na ƙarshe kuma ya fi duk sauran sauƙi. In ka tsayar da rana ka faɗa mini ko ta aiki ce ko ƙarshen mako, sai mu duba jirgin da zai dace da lokacin shigarku.