Shin mamaci yana tashi ya zama zombi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Unguwar Rogo, Jos. 'Ya'yana sun ɗora wa kansu kallon finafinan zombi a waya, inda gawawwaki ke fitowa daga kabari suna cizon mutane. Tun da kakansu ya rasu, autana ya ƙi kwana shi kaɗai, wai tsohon zai dawo haka. Akwai gaskiya a ciki? Mene ne hukuncin kallon?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan tsoho, Ya shirya miki zuri'a.

Malama, wanda ransa ya fita ba ya dawowa duniya. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 zuwa 100, mai sakaci yana roƙon a mayar da shi ko ya yi aiki nagari, aka ce masa a'a, barzahu na gabansu har ranar tashi. Mahaifin Jabir ɗan Abdullahi, shahidin Uhudu, ya roƙi a komar da shi a sake kashe shi saboda Allah, ba a ba shi ba, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Abin da aka hana shahidi, wane boka ne zai samo shi? Matattun da Annabi Isa (AS) ya rayar, da mutumin da aka matar shekara 100 a Suratul Baƙara, ayoyi ne da izinin Allah, kuma da hankalinsu suka tashi. Wanda ya ƙudurta cewa matsafi na da ikon rayar da matacce ya ba halitta abin da yake na Allah Shi kaɗai, wannan shirka ce.

Labarin zombi daga ƙasar Haiti da ke yankin Karibiyan ya yaɗu, cikin jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka zuwa gonakin rake. Suna cewa boka na tono mamaci ya sa shi bauta. Wani ɗan Haiti mai suna Clairvius Narcisse an binne shi a 1962, sai ga shi a raye a 1980. Wade Davis, mai binciken tsirrai, ya ce dafin wani kifi ne ke jefa mutum doguwar suma har a zaci ya mutu a binne shi, sannan a tono shi a dinga ɗura masa irin zaƙamin nan namu. Masana sun yi jayayya da shi sosai. Ko da maganarsa ta tabbata, rayayye ne aka zalunta aka binne da ransa. Wannan wurin ya fi damuna da fim ɗin kansa, domin mu ma muna gaggawar kai gawa. Gaggawar sunna ce, amma bayan tabbaci. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar Khalil, sun togace wanda ya nutse a ruwa, a jinkirta har a tabbatar. Duk mutuwar fuju'a, a kira likita ya duba kafin wanka.

Zombi mai cin naman mutane kuwa ƙirƙirar masu fim ce a Amurka, tun fim ɗin George Romero na 1968. Fatalwar da ake ba da labari a nan gida, in ma an ga wani abu, aljani ne ko ruɗin ido.

Batun kallo: ƙagaggen labari ba haramun ba ne don kawai ƙagagge ne. Abin da ke cikinsa ake dubawa. Waɗannan cike suke da fasa kan gawa da zubar da jini, alhali Manzon Allah (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Baligi mai ingantacciyar aƙida, mafi sauƙin hukuncinsa karhanci ne, in da tsiraici ko tozarta salla ya zama haram. Yaron da abin ya hana barci, ya gurɓata masa fahimtar kabari, wajibi ne ku iyaye ku raba shi da shi.

Kada ki doke shi, kada 'yan'uwansa su yi masa dariya. Ki gaya masa kakansa na hannun Allah, addu'a yake buƙata. Ku karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi tare kafin kwanciya, mahaifinsa kuma ya kai shi ziyarar kabarin da rana, ya koya masa sallama ga mamata.

Wallahu a'alam.