Ta ina za ka fara neman dangin kakanmu na Gwanja

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗinsa ƙwarai. Ka ce kana son bin sawun kakanmu da ya tafi fataucin goro Gwanja, a arewacin Gana ta yau, bai dawo ba, kana tambaya ko za a sami sunansa a takardun ƙidaya ko rajistar aure, kuma me ya sa mutanenmu ba su rubuta aure.

Bari in fara da auren. A wurinmu mutane ne ke riƙe shaidarsa. Waliyyin amarya ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a faɗi sadaki a bainar jama'a, a shafa fatiha, a raba goro, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an ɗaura auren wane da wance, lakadan ba ajalan ba. Duk wanda ya tauna goron nan ya zama shaida. Kuma kafin a kai ga wannan rana an riga an tura manya sun binciki asalin gidan, shi ya sa tsofaffin mata suka san wa ya auri wa har hawa huɗu. A can ƙasar Gana Turawa sun yi dokar rajistar auren Musulmi tun 1907, amma kaɗan ne daga mutanen zango suka kula ta. Kada ka ɗora rai a kai.

Ƙidaya ma haka. Ta 1931 a Arewa galibi daga lissafin haraji aka harhaɗa ta, abin da mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Kawuna ake ƙirgawa, ba sunaye ba, mata kuwa suna cikin gida. Ta 1952 da ta 1963 za su gaya maka yawan mutanen gari, ba za su gaya maka ɗan wa aka aura wa 'yar wa ba. Duk da haka ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke nan Kaduna ita ma. Rahotannin da Turawa suka rubuta a kan gundumomi suna nuna unguwanni da sana'o'insu da inda mutanensu suka fito.

Takardar da ta fi amfani ita ce ta alƙali, musamman ta rabon gado. Nan ne dole a jera matan mamaci da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har wanda ke nesa, domin ba a cin rabon wanda ba ya nan. Sai wasiƙun ajami. Ka roƙi Goggo ta buɗe maka tsohuwar adakar nan, ka duba cikin gafaka da bangon littattafai, malamai kan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa a gefen shafi. Ka riƙe su a hankali, takardar ta yi laushi.

Ka san hanyar da ayari ke bi, don ta nan ake barin iyali. Daga Kano a haye Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, a bi ta Yendi a sauka Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, kuma bafatake kan yi aure a zangon da damina ta tsare shi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Karachi da Yeji, daga baya da yawa suka taru a Kumasi. Sannan a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, gidaje suka rabu, wasu suka dawo Najeriya da Nijar. Mai yiwuwa dangin da kake nema a Gana suna nan kusa da kai.

Suna shi ne zai fi wahalar da kai. Mutum ɗaya a gida Tanko ne, a makarantar allo sunansa na yanka, a zango kuma a kira shi da sunan garinsu. Matarsa ba za ta faɗi sunansa ba, uwarsa ma in ɗan fari ne sai alkunya. Saboda haka ka tambayi laƙabi, da tsagar fuskarsa, da madugun da ya bi, da ko gidan Agalawa ne ko Tokarawa ko Kambarin Barebari, wato zuriyoyin fataken goro. Da waɗannan sarkin zango zai gane shi.

In za ka wurin tsofaffi, ka tafi da goro ko turare, ka zauna ƙasa, kada ka shiga da tambaya kamar ɗan sanda. Ka nemi izini kafin ka kunna waya. Wani zancen, kamar na bauta ko na auren da ya mutu da ɓacin rai, za su gaya maka a matsayin amana, wannan ba na Facebook ba ne. Ka fara da Goggo cikin wannan hutun, ita kaɗai ta rage da ta ga mutanen da suka dawo a 1969. Ka gaishe min da mahaifiyarka.