Amsa: An cire wa ɗan kwangila haraji, amma babu shaidarsa

Malam, game da ɗan kasuwar nan naka na Sabon Gari da ya kai kaya wata makaranta a Samaru, aka cire masa haraji tun daga wajen biya amma har yau ba ka ga kuɗin a sunansa a wajen hukumar haraji ba: fara da duba takardar rajistarsa ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista.

In kamfani ne mai Limited, kuɗin na hukumar tara haraji ta tarayya ne. In kuwa sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, doka tana ɗaukarsa mutum ɗaya, kuɗin kuma na KADIRS ne, hukumar tara haraji ta jihar, tunda a Jihar Kaduna yake zaune. Nan akawu da yawa ke tuntuɓe. Da sun ga "Enterprises" a kan takardar biya sai su tura wa tarayya, alhali ba can ya dace ba.

Je ka wurin akawun makarantar da kanka, waya ba ta gama wannan aiki. Ka nemi rasidin biyan kuɗin da kuma jadawalin da suka haɗa da shi, wanda ke ɗauke da sunan kowane ɗan kwangila, lambar TIN ɗinsa (lambar shaidar mai biyan haraji) da adadin da aka cire. Sau da yawa kuɗin ya shiga, amma an biya dunƙule ba jadawali, ko an kuskure lamba ɗaya a TIN. Gyaran kuma wanda ya cire kuɗin ne zai rubuta wa hukumar, ba kai ba.

Kada ka sa kuɗin a lissafin abin da ya riga ya biya sai shaidar ta fito. Ranar bincike jami'an haraji za su soke shi, su ce ya biya daga aljihu.