Amsa ga mai neman maƙerin da zai mayar da bindigarsa ta ci babban harsashi

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka tun shekaranjiya, inda ka ce kana zaune a Texas, kana da bindigar farauta mai sakata (ƙarfen da ake ja da hannu don sa harsashi da fitar da shi) wadda take cin harsashin .30-06, kuma kana neman maƙerin da zai mayar maka da ita mai cin babban harsashi, wato .375 H&H ko .416 Rigby, saboda kana da niyyar zuwa farautar ɓauna a Afirka. Da yake na bi wannan hanya har sau biyu a nan Amurka, ta farko da asara, ta biyu da dace, na ga ya kamata in zauna in amsa maka a tsanake.

Kafin a zo maganar maƙeri, sai an duba ko jikin bindigar zai ɗauki abin da kake so a ɗora masa. Tsawon harsashin .30-06 bai wuce inci 3.34 ba. Shi kuwa .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, inci 3.6 ne, .416 Rigby na 1911 kuma ya kai inci 3.75, ga shi da kaurin gindi sosai. Shi .416 Rigby ɗin ka cire shi daga lissafi, domin uwar ƙarfe (gangar jikin bindigar da sakata ke tafiya a cikinta) babba yake bukata, wadda tun asali aka ƙera ta dominsa. Game da .375 H&H kuwa, amsar ta danganta da ƙirar bindigarka, wadda ba ka faɗa mana ba. Idan Remington 700 ce mai doguwar sakata, wurin ya isa, domin kamfanin da kansa ya yi ta a wannan harsashi. Idan kuwa Mauser 98 ce ta gama-gari, dole sai an yanke ƙarfe kafin harsashin ya shiga, kuma idan aka yanke shi daga gaba, an taɓa wurin da haƙorin sakata na ƙasa yake jingina a lokacin da albarushi ya tashi. Maƙerin da ya san aikinsa daga baya yake neman mafi yawan filin, ya bar gaban da ƙarfinsa.

Akwai manyan harsasan da suke zama a tsawon .30-06, kuma su nake so ka fara dubawa. Otto Bock na birnin Balin ya fito da 9.3x62 a 1905 domin Mauser ta gama-gari, gindinsa kuma kusan ɗaya ne da na .30-06, saboda haka sau da yawa sauya bututu ne babban aikin. Akwai .375 Ruger na 2007, wanda ƙarfinsa ya yi kafaɗa da kafaɗa da na H&H, da kuma .458 Winchester Magnum na 1956, sai dai su biyun suna bukatar a buɗe fuskar sakata daga inci 0.473 zuwa 0.532, a kuma sake daidaita gidan harsashi. Kada ka yanke shawara sai ka tambayi jagoran farautar da za ka je wurinsa, domin ƙasashe da yawa sun ɗauki .375 a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a harbi dabba mai haɗari da shi, wasu kuma suna karɓar 9.3. Ka kuma tuna cewa idan akwatin harsashinka ya maƙale a filin jirgi, .375 H&H ne za ka fi saurin samu a sansani.

Yanzu ga abin da ya sa na tsawaita. Mutane suna zaton sa bututu shi ne aikin, alhali kowane maƙeri mai injin sassaƙa ƙarfe da ma'aunin tazarar harsashi zai iya sa bututu ya zauna daidai. Inda gizo yake saƙar shi ne a sa bindigar ta ɗauko harsashi daga gidansa ta kai shi mazauninsa, kowane lokaci, ko an ja sakata a hankali ko an fizge ta cikin firgici. Wannan aikin hannu ne, da zarto da haƙuri, kuma ƙarfen da aka goge fiye da kima ba ya dawowa.

Bindigata ta farko Mauser ce, na kai ta wurin wani mutum da ya yi suna wajen haɗa bindigogin harbin nesa, ya mayar mini da ita .458 Winchester. Saitinta ba shi da makusa. Amma ranar da na kai ta filin gwaji na cika gidan da harsashi uku, na harba na farko, na ja sakata da sauri, sai na biyu, mai dakusasshen baki, ya kafe a kan gangaren shiga, ya tsaya cak kamar jakin da ya ga ruwa. Na fitar da shi da yatsa, na sake cikawa. A harbi na gaba shurin bindigar ya buɗe murfin ƙasa, sauran harsasan suka zube a kan takalmina. Wani dattijo da ke teburin kusa da ni ya sunkuya ya tsince su, ya miƙo mini, bai ce uffan ba. Kafin in kai harbi na hamsin, katakon ya tsage a bayan uwar ƙarfe, daidai wurin da hannu yake kamawa. Mutumin ba mugu ba ne, irin wannan aikin ne bai taɓa yi ba, ni kuma ban san abin da zan tambaye shi ba.

A karo na biyu na canza salo. Na duba jerin mambobin ƙungiyar maƙeran bindiga ta American Custom Gunmakers Guild, na kuma tambayi mafarauta a taron ƙungiyarsu ta Dallas Safari Club, wanda bai kamata ya wuce ka ba, domin a can za ka riƙi aikin maƙera da hannunka, ka ja sakata ka ji yadda take tafiya. Takardar makaranta, ko da ta kwalejin Trinidad ta jihar Kolorado ce, inda shahararren maƙerin bindiga P. O. Ackley ya fara koyar da sana'ar a 1947, tana nuna mutum ya koyi tushe, amma ba ta gaya maka ɓauna nawa aka tunkara da bindigoginsa. Na tambayi kowane ɗaya ko bindiga nawa ya mayar daga irin ƙirata zuwa irin harsashin da nake so, na kuma nemi ya haɗa ni da mutum biyu da suka yi farauta da su. Wanda na zaɓa a ƙarshe shi ne wanda ya juyo da tambayar kaina: wane irin kan harsashi zan harba, mai laushi ko dunƙulalle, kuma daga wane kamfani, domin da su yake so ya daidaita shigar. Shi ne kuma ya hana ni taɓa katakon asali, ya ce sirara ne, ba zai jure ba.

Ka tabbata maganar katako ta shiga cikin yarjejeniyarku a rubuce. Ana sa ƙusoshi biyu masu ratsa katakon ta gefe don kada ya rabe, a ƙara ƙarfen tare shuri a ƙarƙashin bututu idan harsashin ya kai .458, a shimfiɗa gam mai tauri inda ƙarfe ya haɗu da itace, a bar 'yar tazara a bayan uwar ƙarfe. Nauyin bindigar kada ya gaza kilo huɗu, gara ma ya kai huɗu da rabi, domin mara nauyi tana koya wa mutum runtse ido kafin ya ja kunama. Maɗaurin igiyar rataya ya koma kan bututu, in ba haka ba zai yanke maka hannun hagu.

Ta fuskar doka, kada ka ba kowa bindigarka sai mai lasisin FFL, wato izinin sana'ar bindiga daga ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, kuma ka sa ya buga sunan sabon harsashin a jikin bututu, domin jami'an ƙasar da za ka shiga suna gwada abin da ke rubuce a bututun da abin da ke gindin harsasanka. Kafin tafiya ka cike takarda mai lamba 4457, wadda ke nuna da bindigar ka fita daga Amurka, a ofishin kwastan. 'Yan'uwan da ke karanta wannan daga gida su lura cewa maganar Amurka nake yi. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙerawa ko gyara ba tare da izinin hukuma ba.

Aikina na biyu ya ɗauki wata goma sha huɗu, kuma kuɗin da na kashe ya fi wanda da zan sayi CZ 550 ko Winchester Model 70 ta hannu, wadda aka ƙera a .375 H&H tun daga masana'anta. Idan bindigar nan ba ta da wani tarihi a wurinka, shawarata ka bar ta a .30-06 ɗinta ka je da ita don gwanki da mugun dawa, ka sayi babbar daban, ka kai wa maƙeri ya gyara mata shigar harsashi kawai. Idan kuwa ka nace a kan taka, to ranar karɓa ka je da harsasan gwaji marasa albarushi, ka cika gidan, ka ja sakata a hankali, ka ja da ƙarfi, ka karkata bindigar dama da hagu, ka ɗaga bakinta sama ka sake, sannan ku tafi filin gwaji tare ka harba akwati guda kafin ka biya cikon kuɗin.