Ina so in kafa kamfanin katin gaisuwa mai zanen hannu: in fara da sayen inji?

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan rubutu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana karɓar aikin katin ɗaurin aure yana kai wa masu maɗaba'a, kuma yanzu yana so ya kafa kamfaninsa na katin gaisuwa mai ɗauke da zanen masu fasaha na gida, irin yadda ya ji kamfanin Hallmark na Amurka ya bunƙasa. Yana tambaya ko ya zuba kuɗin da ya tara cikin shekara uku ya sayi injin bugawa.

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Niyyarka ta faranta mini rai, domin na daɗe ina takaicin yadda zanen mutanenmu ba ya wuce bangon ɗakin mai shi. Sai dai shawarata ita ce kada ka taɓa kuɗin nan da sunan sayen inji a bana, kuma tarihin kamfanin da ka ambata shi ne hujjata ta farko.

Joyce Hall, wanda ya kafa Hallmark, yana ɗan shekara 18 ya sauka birnin Kansas a 1910, kuma jarinsa bai wuce katunan aikawa ta gidan waya da ya cusa cikin kwalayen takalma ba. Katunan da wasu suka buga yake sarowa yana rarraba wa masu shaguna, wato kusan irin aikin da kake yi yau. A 1915 gobara ta cinye kayansa kaf, ta bar shi da ɗan'uwansa cikin bashin dala 17,000, kuma a shekarar ce suka sayi wata ƙaramar maɗaba'a suka soma buga nasu katin mai ambulan. Ka lura cewa injin ya zo ne bayan shekara biyar yana yawon shago-shago, lokacin da ya riga ya san wanda ke saye, da abin da ake nema, da watan da ciniki ke tashi. Sunan Hallmark bai hau bayan kowane kati ba sai 1928. A shekarun 1930 suka fito da kantocin baje kati, domin kafin nan a cikin aljihun tebur ake ajiye shi, sai mai saye ya tambaya a ciro masa. Zanen mashahuran mutane kuwa daga baya ya biyo: na mai zanen Amurka Norman Rockwell a 1948, na tsohon firaministan Birtaniya Winston Churchill a 1950, bayan kamfanin ya kusa shekara arba'in yana gina hanyar sayarwa.

Kasuwarmu ta sha bamban da tasu, kuma dole ka dubi wannan da idon basira. Wanda a da zai sayi katin barka da Sallah ya aika wa abokinsa, yau hoto yake turawa ta WhatsApp kyauta, kuma ba na ganin zai dawo. Wanda ya rage yana biyan kuɗi shi ne mai son gaisuwarsa ta isa hannu da daraja: banki ko kamfani da ke raka goron Sallah da kati, makaranta mai zaman kanta, asibiti, otal, gidan biki da ke son katin gayyata na daban, da baƙon da ke neman tsarabar da zai tafi da ita. Kaduna tana da wata falala a nan, domin gari ne da ake shagalin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, ake kuma yin na Kirsimeti da Ista, saboda haka mai kati yana da kaka huɗu a shekara, ban da aure da suna da ba sa yankewa. Irin waɗannan masu saye oda suke bayarwa, kuma ana iya karɓar kafin alƙalami a hannunsu, abin da zai sa ka buga aiki da kuɗinsu maimakon naka.

Inji ba ya cin riba sai yana aiki kullum, alhali kati sana'ar lokaci-lokaci ce. Ranar da babu aiki ma za ka biya mai kula da shi da kuɗin haya, ga man janareta, ga tawada da takarda da farashinsu ke bin dala. Masu maɗaba'ar da kake hulɗa da su sun riga sun ɗauki wannan nauyi, kai dai ka tsaya a kansu har launi ya fito daidai da na asalin zanen.

Inda nake so kuɗinka ya fara shiga shi ne wajen zanen kansa, domin shi ne abin da maƙwabcinka ba zai iya sarowa a Legas ba. Zariya tana nan kusa, kuma sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya gaji makarantar da su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Uche Okeke suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Har gobe matasa masu hannu suna fitowa daga can. Amma ka sani, sayen allon zane bai ba ka ikon buga shi a kati ba, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bar wannan iko a hannun mai zanen sai ya ba da izini. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ta faɗi zane nawa, kwafi nawa, shekara nawa, ko biya ɗaya ne ko kaso a kan kowane katin da aka sayar, sannan a buga sunan mai zanen a bayan kati. Ina roƙonka kada ka matse waɗannan yara don suna cikin buƙata, domin wanda ka kyautata wa yana ɗalibi shi zai riƙe ka ranar da sunansa ya fito.

Wajen zaɓen zane, ka tuna da yawa daga cikin masu sayenka ba sa son hoton mai rai. Na taɓa riƙe wani kati da aka yi wa zayyanar soron gidan Zazzau, jar ƙasa da shuɗi da fari a kan takarda mai kauri, har yatsa yana jin tudun dagin, kuma ban ga wanda ya karɓe shi ya ajiye da sauri ba. Irin wannan, da aikin wuyan babbar riga, da sassaƙar ƙwarya, suna shiga kowane gida, na Musulmi da na Kirista. Ka guji buga ayar Alƙur'ani a takardar da za a iya yarwa, kuma kada ka sa shekara a jikin kati, don abin da ya yi kwantai bana ya sayu baɗi.

Ka fara da zane shida, ka buga samfuri kaɗan masu kyau, ka yi rajistar sunan kasuwancinka a hukumar rajistar kamfanoni domin manyan ofisoshi ba sa biyan kuɗi a asusun mutum, sannan ka zaga da samfurin wata biyu kafin azumi, kana tuna cewa Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ka nemi rumfa a Kasuwar Baje Koli ta Duniya ta Kaduna idan lokacinta ya zo. Ka riƙe littafi na daban ga wannan harka, ka rubuta abin da ka biya maɗaba'a a kowane aiki. Idan aka yi Sallah huɗu, ka kawo mini littafin mu duba tare, mu ga ko abin da kake biyan masu bugawa a shekara ya kai ya riƙe inji da ma'aikacinsa.